Ƙwallayen Kurnar Malam Jimrau

Dakoro, farkon watan Jimada Awwal, shekara ta 1298 bayan Hijira.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Harisu ɗan Mahamman zuwa ga iyalinsa Baraka, a gidan Malam, Tsibiri. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina fata kina lafiya, da Malam mahaifinki, da Inna, da duk mutanen gida. Yaya zafi? Ƙafar Inna ta bar kumburi? Ni lafiya lau nake, sai kewa.

Bayan haka, na iso Dakoro ba tare da wata wahala ba. Gari ne ƙarami. Gidajen manoma tara ne, sai bukkokin Buzaye biyar daga arewa da su. Mai gari, Baba Arzika, ya karɓe ni da kyau, ya nuna mani fili kusa da masallaci inda za a yi mana ɗaki. Akwai aduwa guda a filin, tana da inuwa da hantsi, amma da la'asar ba ta da ita sosai. Wani manomi da ake ce ma Rabo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wai sun nemi malami an aiko masu da rawani. An yi dariya. Gaskiya ne kuwa, rawanin da Malam ya naɗa mani ranar saukar karatu ya yi mani girma.

Na yi zaton limanci da rabon gado zan tarar. Abin da na tarar daban ne, kuma zan faɗa maki shi yadda yake.

Manoma da Buzaye sun haɗu sun haƙa rijiya a kwari. An samu ruwa, amma har yau ba wanda ya sha. An rufe bakinta da itace da ƙaya. Mata da dabbobi suna tafiya tsohuwar rijiya ta wajen Rumbu tun asuba, ba su dawowa sai rana ta karkata. Dalili shi ne limamin da ya gabace ni, Malam Jimrau, Allah Ya ji ƙansa, ya yi bakance, wato alwashi ga Allah, lokacin haƙar. Ya tara ƙwallayen kurna cikin burgami, ya ce kowane ƙwallo salatin Annabi ɗaya ne, kuma ba za a jefa guga ba sai an karance su. Kafin ya cika ya ƙara sharaɗi a gaban jama'a: a raba daidai, kada wani ya fi wani ko da ƙwallo ɗaya. Kowa a nan ya san abin da ya sa. Wanda ya fi karantawa, gobe jikokinsa za su ce rijiyar ta fi zama tasu.

Burgamin yana hannun wani dattijon Buzu, Intalla, wanda Malam Jimrau ya ba ajiya. Mutanen gari sun zuba ƙwallayen sun raba biyu, gefen manoma da gefen Buzaye, ɗaya ya rage. Sun raba ma mutum shida, ɗaya ya rage. Sun gwada goma, sun gwada gidaje goma sha huɗu, kowane karo ɗaya ke ragewa. Rabo ya ce abin a fili yake: Intalla ne ya ƙara ɗaya, don ya karanta shi a ɓoye ya fi kowa. Mutane da yawa sun yarda. In ta tabbata, za a hana Intalla da bukkokin nan biyar ruwan rijiyar da suka haƙa da hannunsu, kuma a wannan bazara hana ruwa kora ce.

Baba Arzika ya ce tun da na karanci hisabi, ni zan duba, kuma abin da na faɗa zan rantse a kansa da Alƙur'ani. Baraka, ban taɓa rantsuwa a kan lissafi ba. A zauren Malam in na yi kuskure, shafe rairayi ake yi a sake.

Matar Intalla, wadda ake kira Mata, ta aiko mani da cuku. Na mayar mata da ba da haƙuri, don kada a ce na ci nasu. Na ji kunyar hakan ƙwarai.

Ki gaishe da Malam, ki roƙa mani addu'arsa. Mai kai kanwa Tsibiri ne zai ba ki wannan.

Naki,
Harisu.

Dakoro, tsakiyar Jimada Awwal.

Zuwa ga Baraka, bayan sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da Inna. Saƙonki ya iso, da dakuwar. Na ji kin ce in daina ƙirga abin da ba a sa ni ba. Wannan karon an sa ni.

Na ƙirga ƙwallayen a kan tabarma, a gaban shaidu daga kowane gefe, na naɗe hannun rigata har kafaɗa don kada a ce na ɓoye wani. Na tara su goma-goma, goma-goman na haɗa su ɗari-ɗari. Na samu tsibin ɗari guda tamanin da ɗaya, tsibin goma guda tara, da ƙwallo ɗaya. Wato dubu takwas da ɗari ɗaya da casa'in da ɗaya. Washegari na sake, na samu haka. Rabo ya sa mani suna Malam Ƙidaya, yanzu har mata da shi suke gaishe ni.

Sanin adadi bai wanke kowa ba, sai an san nawa Malam Jimrau ya zuba. Na tambayi Intalla. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ce shi bai san adadi ba, ya dai san ba ya buɗe burgamin sai Malam Jimrau na nan. Na tafi wurin Samba, shugaban masu haƙar, wanda ba shi da gona ko raƙumi a garin nan. Ya ce zurfin rijiyar gaba goma sha uku ne, ya nuna mani igiyar awo da ƙulle-ƙullenta, na auna da hannuna na ga haka ne. Ya ce da aka gama gabar farko Malam Jimrau ya jefa ƙwallo ɗaya cikin burgami. Daga nan duk gabar da aka gama, sai ya zazzage burgamin, ya ajiye ma kowane ƙwallo abokinsa sabo, sa'an nan ya ƙara ɗaya na sabuwar gabar. Wai yana cewa duk zurfin da aka ƙara, hatsarin masu haƙa ninkawa yake yi. Samba ya ce wajen ƙarshe mata sun ci kurna har haƙoransu sun mutu, don kawai a samu ƙwallaye. Tsofaffi biyu daga gefen manoma sun tabbatar da wannan.

Na zauna na buga a ƙasa. Gabar farko ɗaya. Ta biyu, ninki da ƙarin ɗaya, uku. Ta uku bakwai. Sai goma sha biyar, talatin da ɗaya, sittin da uku, ɗari da ashirin da bakwai, haka har ta goma sha biyu ta ba da dubu huɗu da casa'in da biyar. Ta goma sha uku ta ba da dubu takwas da ɗari ɗaya da casa'in da ɗaya. Daidai da abin da ke cikin burgamin, ba ƙari ba ragi. Ƙwallon da ke ragewa Malam Jimrau ne ya sa shi da kansa.

Na yi zaton magana ta ƙare. Na faɗa a ƙofar mai gari. Rabo ya ce shi bai iya karanta tonon kaji a rairayi ba, abin da ya sani shi ne Malam Jimrau waliyyi ne, ba zai bar wasiyyar da ba ta cikuwa ba. In har burgamin yana nan yadda ya bar shi, to akwai adadin mutanen da zai rabu a kansu daidai, in nemo. In babu, to an taɓa burgamin. Jama'a suka ce wannan magana ce. Ni kaina ban ga inda zan kama ta ba a lokacin.

Na ce masu ba kullum ɗaya ke ragewa ba, na raba ma mutum huɗu a gabansu, uku suka rage. Rabo ya tafa hannu ya ce to ashe ba ƙari Buzun ya yi ba, ɓatar da ɗaya ya yi, da yana nan da an rabu. Intalla ya gyara amawalinsa, ya ce Rabo ya zaɓi laifi guda ya tsaya a kai, shi tsoho ne ba ya iya ɗaukar biyu.

Baba Arzika ya ba ni zuwa tsayuwar sabon wata. Ya ce dabbobi ba za su iya jiran fiye da haka ba, kuma yana da gaskiya. 'Yan raƙuman Intalla biyu sun mutu a hanyar Rumbu, jakin Rabo ma ya kwanta.

Na rubuta jerin ninkin a bayan wannan. Ki nuna ma Malam ya duba mani, ko da yake na san amsa ba za ta iso kafin wata ya tsaya ba. An kafa ginshiƙan ɗakinmu.

Wassalam. Naki,
Harisu.

Dakoro, ƙarshen Jimada Awwal.

Zuwa ga Baraka, sanyin idona. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Malam da Inna da maƙwabta. Ina fata zafin nan bai hana ki barci ba. Ni ina nan lafiya.

Ki karanta wannan a hankali, don akwai abin da ya shafe ki a ƙarshe.

Na nemi adadin da Rabo ya ce in nemo. Da farko na tsorata, ina ganin sai na gwada kowane adadi daga biyu har dubu takwas. Sai na tuna da aikin rariya da Malam ya koya mana. Abin da bai rabu biyu ba, ba zai rabu huɗu ko shida ko takwas ba. Abin da bai rabu uku ba, ba zai rabu tara ba. Haka nan biyar da bakwai. In aka tankaɗe waɗannan, saura kaɗan ne. Sa'an nan akwai iyaka. Ki ɗauka gona ce mai kunyoyi, kowace kunya da ramukan shuka daidai da 'yar'uwarta. Kunya casa'in da ɗaya mai rami casa'in da ɗaya ta riga ta wuce adadinmu. Saboda haka in akwai rabo, dole ko kunyoyin ko ramukan ba su wuce casa'in ba. Wanda ya gwada har casa'in ya gwada duka. Da na tankaɗe, adadi ashirin da huɗu suka rage, daga biyu zuwa tamanin da tara.

Na bi su ɗaya-ɗaya, a rairayi da fari, sa'an nan da ƙwallayen kansu a gaban duk wanda yake son gani. Goma sha ɗaya ya bar bakwai. Goma sha bakwai ya bar goma sha huɗu. Goma sha tara ya bar biyu, saura ƙiris ya cinye. Ashirin da uku ya bar uku. Tamanin da tara, na ƙarshe, shi ma ya bar uku. Babu wanda ya cinye. Na kuma gane abin da ya ruɗe mutane. In an cire ƙwallo ɗaya, abin da ya rage yana rabuwa biyu, uku, biyar, bakwai, tara, goma sha uku, da abin da aka haɗa daga cikinsu. Duk rabon da suka gwada cikin waɗannan yake, shi ya sa kullum ɗaya suke gani.

A karatu ana ce ma irin wannan adadi asammu, wato kurma. Ba ya rabuwa daidai sai ga mutum ɗaya, ko ga mutane masu yawansa. Ban taɓa riƙe mai girman wannan ba. Malam Jimrau bai yi niyyar haka ba. Da ruwa ya fito a gaba ta goma sha biyu, da adadin ya rabu uku, biyar, bakwai, tara, da tuni an sha. Ninki ba kullum yake haifar da kurma ba, adadin gaba ta goma sha ɗaya ma yana rabuwa ashirin da uku. Gaba ta goma sha uku ce ta faɗo a kansa.

Baba Arzika ya ja ni gefe bayan la'asar, wai mu duba ginin ɗaki. Ya ce ɗana, ƙwallon kurna fa ko akuya tana iya haɗiye guda, ba wanda zai tuhumi akuya. Na gane. Dattijo ne mai son zaman lafiya, ba mugu ba ne. Amma in ɗaya ya ɓace aka rabu daidai, kowa zai ce ga shi, dama ɗayan ƙari ne, kuma an san wanda ake cewa ya ƙara. Sa'an nan bakancen ya tawaya, ni kuma na rantse a kan abin da na san ba haka ba ne. Na ce mashi ba zan iya ba.

Na kawo wata dabara. In aka ƙara gaba ɗaya, adadin zai zama dubu goma sha shida da ɗari uku da tamanin da uku, kuma wannan yana rabuwa uku, yana rabuwa arba'in da uku. Samba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ƙarƙashin ruwan rairayi ne mai gudu, in an taɓa shi rijiyar za ta rufta da wanda ke ciki, in ina so in sauka da alƙalamina in haƙa. Na bar maganar.

Saura hanya ɗaya. Jiya na dafa Alƙur'ani na rantse cewa burgamin yana nan yadda Malam Jimrau ya bar shi, kuma wasiyyarsa tana cikuwa, amma ga mutum ɗaya kawai. In mutum ɗaya ya karance duka, ba a bar ragowa ba, kuma ba abokin karatun da ya fi. Rabo ya ce madalla, wato mutum ɗaya zai mallaki rijiyar, wa za a ba, Buzun? Intalla ya ce ko an ba shi ba ya so. Samba ya ce shi Fatiha ma da ƙyar. Sai na ga idanu suna dawowa kaina. Rabo ya ce Malam Ƙidaya baƙo ne yau, amma ga ɗakinsa can ana yi, gobe 'ya'yansa ne za su zauna bakin rijiya suna cewa ubansu ya saye ta da baki.

Na duba maganarsa ta kowane gefe, ban ga kuskure a cikinta ba. Sai na ce zan karanta, in na gama in bar garin, ba ni ba zuriyata a cikin rijiyar Dakoro. Baba Arzika ya ce in sake tunani. Na ce na yi.

Baraka, na yi maki alkawarin ɗaki da kaka, na yanke wannan ban shawarce ki ba. Ba ni da lokacin aikowa. Ki yafe mani. Ki faɗa ma Malam da bakinki kafin ya ji daga fatake.

Naki har kullum,
Harisu.

Dakoro, farkon Jimada Sani.

Zuwa ga Baraka, da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kowa lafiya, ina kuma fata fushinki, in kin yi, ya fara sauka. Amsar Malam ta iso bayan an gama komai. Ya ce jerin ninkin daidai ne. Na ji daɗi duk da haka.

An buɗe rijiya.

Na zauna a gindin wata bagaruwa kusa da bakinta, ƙwarya cike a damana, ƙwarya wofi a haguna. Rabo ya zauna gefe ɗaya, Intalla gefe ɗaya, suna kallon hannuna. Kowane salati in ɗauki ƙwallo in mayar hagu. Ba na tashi sai salla, da magariba a ɗaure ƙoren biyu a kai ɗakin mai gari. Kwanaki aka yi ana haka. Muryata ta dushe tun a rana ta biyu, na ci gaba da raɗa. Rabo ya ce ba ya ji, ya matso har gwiwarsa tana taɓa tawa. Daga baya shi ne yake miƙo mani ruwan jiƙon tsamiya, yana cewa in sha kada in mutu masu a bar su da saura.

Da ya rage ƙwallo ɗaya a ƙwarya, Intalla ya ce ma Rabo ga ƙwallon nan da ya ce shi Intalla ya ƙara, ya duba da kyau ko zai gane shi. Rabo ya ɗauka ya jujjuya, ya ce duk kamarsu ɗaya, ya sa mani a hannu. Na karanta, na mayar hagu. Na kife ƙwaryar dama, ba abin da ya faɗo.

Baba Arzika ya sa aka janye ƙaya da itace. Aka ɗaura guga biyu, na manoma da na Buzaye, aka sake su tare. Raƙuman Intalla sun sha, shanun gari sun sha. Bukkokin nan biyar suna nan inda suke. Rabo bai ba Intalla haƙuri da baki ba, amma na ga ya riƙe mashi akala lokacin da yake jan ruwa. An binne ƙwallayen a gabas da rijiyar.

Ɗakinmu za a ba limamin da zai zo. Na gaya ma Baba Arzika a sa ƙofar ta kalli kudu, saboda inuwar aduwar. Matar Intalla ta sake aiko da cuku, wannan karon na karɓa. Zan biyo ayarin da zai tashi bayan kasuwa. Ban san abin da zan yi a Tsibiri ba tukuna, sai abin da Malam ya ce.

Na ƙi shan ruwan, don na ce ba ni da rabo a ciki. Intalla ya ce rabo daban, haƙƙin matafiyi daban, ya cika mani salka da hannunsa, Rabo ya ɗaure bakinta. Na kurɓa sau ɗaya. Sauran zan sha na rijiyoyin hanya, in kawo maki wannan ki ɗanɗana. Yana da sanyi, amma akwai ɗan ɗanɗanon kanwa a ƙarshensa. Na faɗa maki tun yanzu don kada ki ce na yabe shi fiye da yadda yake.

Ki gaishe da Malam da Inna. Sai na iso, in Allah Ya yarda.

Mijinki,
Harisu ɗan Mahamman.